Turancin da Na Koya a Gindin Rudun Albasa

Ba wani babban abu ne ya fama mini wannan tsohon mikin ba. 'Yata ce ta zo ganin gida da ɗanta na fari, ina kishingiɗe a inuwar tsakar gida na ji ta kira shi da sunansa na yanka, ba sakaye ba kara, har sau uku. Da ya zo ta cafe shi ta ɗora a cinya tana shafa masa kai a gaban kowa, ta miƙa masa waya wai ya saurari wata baturiya da ke koya wa yara sunayen dabbobi. Cikin matan gidan babu wadda ta ko ɗaga kai. Ni kaɗai na ji wani iri, na rasa haushi nake ji ko kishi, sai na juya fuskata ga bango kamar barci ya ɗebe ni. Yanzu abu kaɗan ke gajiyar da ni, har tunani ma, amma wannan tunanin ya ƙi bari na in huta, shi ya sa na ce bari in sauke shi a takarda ko na samu sauƙi.

Ni ɗan fari ne, kuma a zamaninmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallon tsabar idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye, balle ta nuna a gaban mutane cewa ta damu da shi. Wasu matan sukan sassauta in yaro ya girma, wasu kuwa har kabari. Mahaifiyata tana cikin na biyun, don ta wajen uwa jinin Fulani ce, kunyarta ta fi ta kowa kauri. Ana yaye ni aka ɗauke ni daga Aliero aka kai ni Dangamaji wurin Kaka, mahaifiyar babana, can na yi wayo. Abin da na sani na ƙuruciya duk na Kaka ne: kukan jigon ban-ruwa a fadama tun da sassafe, amon taɓare uku a turmi ɗaya, warin hayaƙin kara, tsinkar kuɓewa da ƙaiƙayinta a hannu, da muryarta tana cewa yaron da bai sha rana ba ba ya sanin daɗin inuwa. In an zo da mahaifiyata biki ko gaisuwa, sai in ga wata doguwar mace mai shiru ta zauna ta ba ni baya. Na ji ƙannenta suna ce mata Adda, ni ma na ɗauka, babu wanda ya gyara mini, don haka aka fi so.

Na gama sakandare a Jega ba da daɗewa ba Kaka ta rasu, aka ce in tattara in koma gidanmu na Aliero. Na shiga gidan ubana da gemu ya fara tsiro mini, ina baƙo. Ƙannena suna faɗawa jikin Adda, tana zaginsu, tana dungure musu kai, tana cire musu ƙaya, ni kuwa ko zagin ban samu ba. In tana da magana da ni sai ta bi ta wurin Gwaggo, yayar babana, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da zama. Ina tsaye taku uku daga gare ta za ta dubi Gwaggo ta ce, “Ce ma wancan tuwonai na nan bisa dakali.” Ni ma in dubi Gwaggo in ce a ce mata na gode. Wancan shi ne sunana a bakinta. Ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai, ga shi kuma ba abin da za ka kai ƙara ba ne, don duk wanda ka faɗa wa dariya zai yi ya ce ai uwarka mai mutunci ce.

Ana cikin haka aka raba mu da Sakkwato aka ba mu jiha. Yaran yanzu sun tashi sun tarar da ita kamar rijiyar unguwa, ba su san yadda gari ya ɗauka ba a lokacin. Duk rumfar da ka wuce rediyo ke magana, mahauta da direbobi kowa ya zama masanin gwamnati, ana cewa za a buɗe ofisoshi, za a ɗebi ma'aikata kamar ana ɗibar ruwa a gulbi. Babana bai taɓa ɗaukar boko da daraja ba, shi dai fangalin albasarsa da ranar kasuwar Jega, amma ranar nan ya dawo daga masallaci ya ce in fito da takardata. Takardar kuwa tana da rami, na faɗi Turanci, kuma an ce ba a ɗaukar akawu sai da shi. Ya juya ta sama da ƙasa, shi da ba ya karanta ta, ya ce, “To ka koma ka ciko ta. Ba a barin buhu da huji a ce za a kai shi kasuwa.”

Haka na fara zuwa wurin Malam, wani dogon mutum mai tari da ke tara irinmu waɗanda suka faɗi jarrabawa a wani ajin firamare a Jega, sau biyu a mako bayan azahar. Nakan maƙale a bayan a-kori-kurar albasa in tafi, in dawo ina wari kamar miya. Mu goma sha wani abu ne, duk ƙarti, wasu da aure. Littafi ɗaya ne tal a hannun Malam, bangonsa ya daɗe da cirewa har ba wanda ya san sunansa, cike da gajerun labarai na Turawa. Ya zaɓi guda ɗaya ya ce a kansa za mu kwana mu tashi. Kullum zai kwafe sakin layi biyu ko uku a allo, mu kwafa, sa'an nan ya ja layi a ƙarƙashin kalmomi goma da salon magana ɗaya ko biyu, ya ba mu ma'anarsu da Hausa. Takardar buhun siminti muke yankawa mu ɗinke da zare, gefen hagu Turanci, gefen dama Hausa. Sharaɗinsa shi ne kowace kalma a faɗe ta da ƙarfi sau ashirin a gida, ita da ma'anarta, ba a zuci ba. Yakan ce, “Kalma awa albasa ta. In ka aje ta ba ka juya ta, ruɓewa takai.” Yau yaro yana danna waya ma'ana ta fito, gobe ya manta ya sake dannawa. Mu kalma ɗaya sai da muka yi mata zufa.

Labarin na wata mace ne a wata ƙasa mai sanyi, mai gasa burodi, da ɗanta tilo wanda ya samu aiki a wani birni mai nisa, ana shirin tafiyarsa a jirgin ƙasa. Makonnin farko kalmomin ba su dame mu ba, sai dai mamaki. Akwai ta ƙanƙarar da ke zuba kamar auduga, da ta mayafin da ake naɗawa a wuya, da ta murhun da ake ginawa a cikin ɗakin kwana, da ta dakalin da ake tsayawa a jira jirgi. Muka yi ta gardama ko mutum mai hankali zai hura wuta a ɗakin da yake barci. Amma da labari ya yi nisa sai kalmomin suka sake launi. Matar ta zauna tana saƙa wa ɗan nata riga tana kallonsa yana cin abinci. Ta kira sunansa ba don tana son aikensa ba, don dai ta ji sunan a bakinta. Ranar da Malam ya ja layi a ƙarƙashin wata kalma ya rubuta runguma a gefenta, aji ya kece da dariya. Wani ɗan mahauta da ke zama kusa da ni ya ce, “Malam, ƙato da gemu uwatai na rungumatai? Wagga mace ba ta da ta ido.” Malam ya yi tarinsa ya ce, “Kalma anka ce ku koya, ba a ce ku koyi hali ba.” Na yi dariyar tare da su don kada a gane ni, sa'an nan na sunkuya na kwafe kalmar.

A gida babu inda zan yi wannan karatu da ƙarfi ba a mai da ni mahaukaci ba sai can bayan gida, gindin rudu. Rudu shi ne rumfar kara da ciyawa da ake ɗagawa bisa itatuwa a shimfiɗa albasa a ciki don iska ta riƙa ratsa ta. Namu dogo ne, ya raba bayan gidan biyu, kuma bayan la'asar yana ba da inuwa ta kowane gefe. Na shimfiɗa buhu ta gefen gabas na fara: kalmar Turanci, ma'anarta, kalmar Turanci, ma'anarta. Ban san cewa ta gefen yamma nan ne Adda ke aikin gabu ba, wato lawashin albasa da ake dakawa a cura a shanya don miya. Sai da na ji taɓarya na gane, na yi niyyar tashi, don ba a saba in zauna inda take ba. Amma ba ta tashi ba, ba ta aiko Gwaggo ta kore ni ba, ni ma sai na gyara zama. Ba na ganinta, ba ta ganina. Karatu nake yi, ita kuma aiki take yi, babu wanda zai ce an karya wata ƙa'ida.

Kwana ya yi kwana sai na lura da wani abu. In ina kan kalmomin ƙanƙara da jirgi, taɓarya ba ta fasawa. Amma in na iso kan irin su kewa, ko ɗana, ko salon maganar da Malam ya fassara da zuciyata ta yi nauyi, sai dakan ya yi sanyi, wani lokaci ya tsaya cak, sai na wuce sa'an nan ya ci gaba. Na gwada na sake gwadawa, kamar mai taɓa ƙarfe ya ji ko ya huce. Daga nan na ƙara wa kaina aikin da Malam bai ba ni ba. Bayan kalmomi goma, sai in karanta sakin layin gaba ɗaya da Turanci, in bi shi jimla jimla ina mayarwa Hausa da ƙarfi, wai don ya zauna mini. Albasa nake karanta wa, in wani ya tambaya. A haka matar mai burodi ta shigo bayan gidanmu da saƙarta da ɗanta, Adda kuma ta fara kawo aikinta gindin rudu ko babu lawashi. Yau tsintar shinkafa, gobe ɓarar gyaɗa, jibi kaɗi, ina jin mazari yana juyawa a kan 'yar fatarta.

Sau ɗaya ta yi magana. Na karanta inda matar ke ɗaure wa ɗan nata guzuri, burodi biyu da ɗan cuku, na fassara. Sai na ji Adda ta kori kaza, ta ce da kazar, “Ke kau macen ga, tahiya mai nisa, ki ƙara mashi mana.” Na danne dariya har hawaye ya fito mini. Wata rana kuma mota ta lalace na kwana a Jega, da na dawo Gwaggo ta tare ni a bakin ƙofa tana murmushi ƙasa-ƙasa ta ce, “An ce jiya rudu ya yi shiru.” Ban tambaye ta wa ya ce ba. A duk rayuwata ban taɓa samun abin da ya kai wannan sa'a guda ta bayan la'asar ba, ni da uwata da tarin albasa a tsakani. Nakan tashi da safe ina lissafin saura nawa la'asar ta yi.

Gwaggo ta ga take-takena tun kafin ni in gani. Wata safiya ina wanke ƙafa za ni fadama ta tsaya a kaina ta ce, “Ɗan nan, abin da kas samu ka riƙe shi awa ƙwai. Kunya ba ƙiyayya ta ba. Kak ka ce sai ka ga ƙarshenta.” Na ce to. Irin to ɗin da matashi ke cewa ne, ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Lokacin kaina ya cika da matar littafi. Ina ganin abin da ke tsakanina da Adda karan rudu ne kawai, taku biyar in zagaya shi. Ina ganin ita ma jira take yi wani ya fara. Ga kuma Malam da ya ce mana a makon nan kalma ba ta zama taka sai ka faɗa wa mai rai ya amsa maka, yana nufin mu riƙa gaisawa da Turanci a tsakaninmu, ni kuwa na ɗauki maganar na kai ta inda bai aike ta ba.

Ranar da abin ya faru an cire albasa a fadamar babana, lawashi ya taru jibgi, matan maƙwabta huɗu ko biyar suka shigo taya Adda daka. Ina jin su ta bayan rudu, hira da shewa da taɓare. Mai hankali da ya ɗauki takardarsa ya tafi wani wuri. Ni kuwa ranar ce muka iso tashar jirgi, inda matar ta gyara wa ɗanta mayafin wuya, shi kuma ya riƙe hannunta ya gaya mata cewa tun bai tafi ba ya fara kewarta. Na karanta da Turanci, na fassara, na ji taɓarya ɗaya ta tsaya a cikin sauran, na san kuma ta wace ce. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na zagaya rudun da takardata a hannu, na tsaya a gabanta, na dube ta a ido, abin da ban taɓa yi ba. Na faɗi jimlar da Turanci kamar yadda Malam ya koya mana, sa'an nan na ce, “Inna, na daɗe ina kewarki.”

Inna na ce, ba Adda ba.  Daga nan wata tsohuwa daga cikin matan ta tafa hannu ta ce, “Ashe haka ta. Mu muna ganin kunya, ashe bayan rudu aka renon ɗa.” Sauran suka ɗauka, wannan ta ce a kawo zane a goya shi, waccan ta ce ai boko ya zo da sauƙi, yanzu ɗan fari har hira shikai da uwatai. Ba da mugunta suka yi ba, irin tsiyar da mata ke yi wa juna ce. Amma na ga fuskar Adda. Ba fushi na gani ba, da fushi ne da na ji sauƙi. Fuskar wadda aka yaye wa zane a kasuwa ce. Ta jingine taɓarya a hankali, ta ja mayafinta ta rufe fuska da hannun da ya yi kore shar da lawashi, ta shige ɗaki ta bar baƙinta a tsaye.

Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne, wannan kunyar ita ce dukiyarta. Ba ta da gona, ba ta da karatu, amma in ana lissafin matan da suka san kansu a unguwa da ita ake farawa, shekara ashirin tana tara wannan suna. Ni kuma na nuna wa duniya cewa tana zama tana sauraren ɗanta a ɓoye. Maganar ta zaga gidajen suna da na biki, aka daɗe ana tsokanarta da ita. Gwaggo ba ta zage ni ba, ta dai same ni a zaure ta ce, “Garin neman gira ka rasa ido. Ita ta ba ka abin da taka iyawa, kai ka ce sai wanda ba ta iyawa.” Na ce ta ba ta haƙuri a madadina. Ta tafi ta dawo ta ce an ce ba komai.

Washegari bayan la'asar na shimfiɗa buhuna na fara karatu. Babu taɓarya, babu mazari, sai kaji. Na ƙara murya, na maimaita kalmomin da na san suna tsayar da ita, babu kowa. Jibi ma haka, gata ma haka. Ta mai da aikinta ƙofar ɗakinta, inda ko na yi ihu ba za ta ji ba. Tuwona bai fasa zuwa bisa dakali ba, wankina bai fasa fitowa da tsabta ba, amma gindin rudu ta bar shi har abada. Sauran labarin kuwa, albasa na karanta wa da gaske, na haddace kalmomin ƙarshe ba tare da na ji ɗanɗanonsu ba. Na shiga jarrabawa na ci, har Malam ya riƙa ba da misali da ni wa na baya, yana cewa ga wanda ya juya albasarsa.

Aka ɗauke ni akawu a ofishin ƙaramar hukuma a Maiyama, can na ƙare ƙarfina. Turancin da na wahala a kansa ya yi mini rana, ba zan yi butulci ba, da shi na ciyar da iyali. Sai dai a cikin ɗaruruwan kalmomin da na cusa a kaina, waɗanda aiki ya nema ba su fi cikin tafin hannu ba: an karɓa, an miƙa, a jira umarni, a ajiye a fayil. Shekara da shekaru ina buga su a keken rubutu har yatsuna suka san hanya ba sai na duba ba. Sauran, na kewa da na nauyin zuciya, ba wanda ya taɓa neman su a wurina, ni ma ban sake gigin fito da su ba. Duk ƙarshen mako nakan hau kabu-kabu in zo Aliero, in durƙusa a ƙofar ɗakinta ta waje in ce a gaishe ta, ta ce da Gwaggo a tambayi wancan ya iyali. Na yi aure, na haifi nawa, babana ya rasu, aka rushe rudun aka yi ɗakin siminti a wurin. Da Gwaggo ta rasu sai saƙon ya koma bin duk wadda ke kusa, matar ƙanena ko maƙwabciya. Na daina sa rai, na ɗauka iyakar rabona ke nan, kuma ni na rage shi da hannuna.

Ciwonta na ƙarshe ya zo da rani. Ina ofis da hantsi aka aiko cewa jikin ya tsananta, na nemi mota na taho don a kai ta asibiti a Jega. Na tarar da gida wayam, maza suna fadama ana cirar albasa, matar ƙanena da ke jinyarta ta fita neman wadda za ta taya ta ɗaukarta. Direba ba ya shiga gidan mutane, ya tsaya a waje. Na tsaya a ƙofar ɗakin na yi sallama, na ji numfashinta yana fita da ƙyar, na ga jiran ba zai yi ba. Na cire takalmi na shiga ɗakin da ban taɓa wuce bakinsa ba. Ta rame har ta koma kamar yarinya a kan gadon. Da ta ga inuwata ta juya fuska ga bango ta ja mayafi, da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Na sunkuya na sa hannu ɗaya ƙarƙashin wuyanta, ɗaya ƙarƙashin gwiwoyinta. Tun ranar da aka yaye ni fatata ba ta taɓa tata ba.

Na yunƙura zan ɗaga ke nan sai ta yi magana, murya can ƙasa, fuskarta har yanzu tana ga bango.

“Ce mashi shi yi sannu. Bayanai ba shi da ƙwari, tun da yaf faɗo bisa jaki.”

Ina shekara bakwai na faɗo daga kan jaki a Dangamaji, na yi wata guda a kwance, Kaka ta yi ta gasa mini baya. Ni kaina na manta sai in sanyi ya taso. Ban taɓa faɗa wa kowa a Aliero ba, ban kuma taɓa tsammanin labarin ya iso kunnenta ba, balle ta riƙe shi shekara arba'in. Na waiga in ga wa take aike, ko matar ƙanena ta dawo ban ji ba. Babu kowa a ɗakin sai ni da ita.

Maganganu suka taso mini har wuya, na Hausa da na Turanci, na haɗiye su duka. Na dubi bakin ƙofa inda Gwaggo kan tsaya, na ce, “A ce mata na jiya, zan yi sannu.”

Sa'an nan na durƙusa sosai, na ɗauke ta da ƙarfin gwiwa ba da baya ba, na fita da ita sannu.